Kullum Kika Ce Da Sauƙi

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Asabe,

Ina gaishe ki da girmamawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda na tabbata kina hutawa a wurinsa. Ni ce Ladi, 'yarki ta fari, nake rubutowa daga gidanmu na Kafanchan, wanda kika bari da rufin ciyawa, yanzu kuwa kwano ne har ya yi tsatsa. Ƙanena Ishaya yana gaishe ki, shi ma furfura ta gama da kansa. Jikokinki da ba ki gani ba suna nan ƙalau. A wasiƙa irin ta mutanen kirki, nan ne wurin da zan tambaye ki ya jiki. Ba zan tambaya ba, domin na san amsar da za ki ba ni, kuma amsar nan ce ta sa nake rubutu raina a ɓace.

Ran Asabar da ta wuce muka binne Sista Keziya. Kin tuna ta, doguwar nas ɗin nan mai farar hula da agogo a ƙirji, shugabar ɗakin mata a asibitin da kika kwanta. Ta tsufa ƙwarai, ta yi ritaya tana metiron, wato shugabar duk nas-nas na asibiti. Coci ya cika maƙil. Fasto ya yi ta yabonta, ni kuwa ina zaune cikin matan zumuntar coci. Sai na ji ya ce a duk shekarun da ta yi tana aiki, ba mara lafiyan da ya taɓa yin ƙorafi a ɗakinta. Jama'a suka ce amin. Mama, na ji kamar in miƙe in ƙwace makirfo daga hannunsa. Matar da ke kusa da ni ta ga na sunkuyar da kai, ta ɗauka kukan rashi nake, har ta miƙo mini hankici.

Tun da ban faɗa a coci ba, zan faɗa a nan, a fili, mai son karantawa ya leƙo. Ba zan kira sunan asibitin ba. Ginin ba shi ya yi miki laifi ba, kuma abin da aka yi miki a can, a asibitoci da yawa ake yin irinsa.

Shekarar da aka koma tuƙin mota ta hannun dama ce, ba a daɗe da gama yaƙi ba. Ina makarantar koyon aikin nas, tafiyar jirgin ƙasa daga gida. Ke kuwa ba wanda ya huta da labarina a kasuwar Kafanchan. Mutum ya zo sayen citta, kafin ki auna masa sai ya ji cewa Ladi tana karatun nas. Ko allura ban fara yi ba a lokacin, amma a bakinki na riga na wuce likita.

Da damina kika faɗi. Kina dawowa daga gonar citta da kwando a ka, santsin dutse ya kwashe ki a bakin rafi, ƙashin cinya ya karye. A kan ƙyauren ɗaki aka ɗauko ki. Dattawa suka ce a kira mai ɗori, kika ƙi. Da Hausa kika faɗa don kowa ya ji, irin Hausarki da ba ruwanta da mace ko namiji: "Yarinyana yana karatun nas, ni kuma in je wurin mai ɗori? Ku kai ni asibiti." Aka saka ki a bayan lori, ke da ƙanwarki Anti Rifkatu, wadda za ta yi jinyarki.

A asibiti suka yi abin da ya kamata a yi wa ƙafar, wannan kam ba zan yi musu ƙarya ba. Suka miƙe ta, suka ɗaura igiya da ƙarfe mai nauyi a ƙarshen gado don ƙashin ya tsaya daidai, suka ce za ki kwanta rigingine har ya haɗe. Karayar cinya ba ta kashe mace mai ƙarfi irinki, wadda take yini a gona ta dawo ta daka acca. Ko ɗalibar aji ɗaya ta san haka. Ta kuma san cewa wanda ya daɗe kwance a wuri ɗaya, fatar bayansa takan mutu inda ƙashi yake danne ta, ta ɓule, ta zama gyambo. Maganinsa ba allura ba ne, hannu ne. A ɗaga mutum a kai a kai, a wanke bayan, a tsane shi, a sauya inda nauyi yake dannawa. An koya mana wannan tun kafin a ba mu hula, kuma Sista Keziya an koya mata kafin mu.

To amma ɗakin mata na Sista Keziya ba don a ɗaga mutum aka shirya shi ba. Don ido aka shirya shi. Daɓen ƙasa yana ƙyalli, gadaje a jere ƙafafunsu suna kallon wuri ɗaya, jan bargo a ninke, farin zane a ja shi a cusa ƙarƙashin katifa har ba tamoji ko ɗaya. Mara lafiya kuma a kwance tsakiya, hannu a kan zane. Ƙarƙashin zanen akwai jar roba da ke kare katifa, wadda take riƙe zufa da fitsari ta dafa bayan mutum. Duk wanda ya ɗaga mara lafiya ya yamutsa gado, in kuwa metiron ta shigo ta ga gado a yamutse, ranar nas ɗin ta shiga uku.

'Yan jinya kuwa waje aka tura su, gindin mangwaro, suna girki a kan duwatsu. Sai an kaɗa ƙararrawar ziyara da yamma su shigo, su ajiye kwano, su tsaya kamar baƙi. Anti Rifkatu ta gaya mini ta taɓa shigowa da ruwan ɗumi a ƙwarya za ta goge miki baya, kamar yadda kowace mace take yi wa 'yar'uwarta a gida. Aka kore ta da tsawa. Har ta rasu tana maimaita mini maganar: "Sun ce ba a taɓa gado, Ladi. Sun ce nan ba ƙauye ba ne." Su ba su wanke ki ba, wadda za ta wanke ki kuma sun hana ta.

Kowace safiya Sista takan zagaya ɗakin, ƙananan nas a bayanta. Ba ta wuce ƙafar gado. Ta tsaya can ta ce, "Mama, ya jiki?" Ke kuma ki ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Shi ke nan, an duba ki, sai gado na gaba.

Wannan ne yake ƙona mini rai har yau. Da Baturiya ce ta ji "da sauƙi" ta ɗauka labarin jiki ne, da na ce ba ta san mu ba. Sista Keziya 'yar ƙasar nan ce, a cikin gaisuwar nan ta girma. Ta san ba a taɓa yin mutum a ƙasarmu da aka ce masa ya jiki ya ce ya yi tsanani ba. Wanda maciji ya sara yana kumbura, da sauƙi zai ce. Gaisuwa ce, ladabi ne, kamar yadda ake tambayar gajiya a ce ba gajiya alhali mutum ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. A gidansu in ta je gaida mara lafiya ba ta yarda da amsar, sai ta taɓa goshinsa, ta tambayi masu jinya. Amma da ta sa farar hula sai gaisuwar ta zama gwaji, domin ta fi sauri, kuma ba ta yamutsa gado.

Kalmar nan har makaranta ta biyo ni. Wani ma'aikacin jirgi ɗan unguwarmu ne yake kawo mini saƙo da baki. Duk zuwansa abu ɗaya ne, Mama tana gaishe ki, ta ce da sauƙi, ki yi karatu. Na je wurin malamarmu na roƙi izinin zuwa gida. Ta tambaye ni me saƙon ya ce, na faɗa mata, ta ce to ai sai in jira hutu, ɗaliba ba ta barin aji don mara lafiyan da ke samun sauƙi. Ita ma 'yar ƙasa ce. Haka na zauna ina koyon yadda ake kula da bayan mara lafiya a jikin 'yar tsana ta roba.

Da hutu ya zo na sauka a tashar Kafanchan da safe, ban ko shiga gida ba na hau lori. Na tarar da Anti Rifkatu a gindin mangwaro ta rame kamar ita ce mara lafiyan. Muka jira ƙararrawa. Da na shiga na kusa wuce gadonki, don ban gane ki ba. Leɓɓanki sun bushe sun tsage, idanu sun faɗa, jiki zafi rau. Amma kina ganina kika ɗaga murya don maƙwabtan gado su ji: "Ga nas ɗina ya zo!" Na durƙusa na gaishe ki, na ce ya jiki, don bakina ma abin da ya saba ke nan. Kika ce da sauƙi.

Hancina ne ya ƙaryata ki. Ƙarƙashin ƙamshin maganin wanke daɓe akwai wani wari, irin wanda duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Na jawo labule, na ce wa Anti ta riƙe kafaɗarki. Kika damƙe zane da hannu biyu, da ɗan ƙarfin da ya rage miki. Kika ce, "Kar ki duba, Ladi. Ba kyau yaro ya ga tsiraicin uwansa." Sai da na koma yarenmu, na roƙe ki da sunan da kakata take kiranki, sannan kika saki, kika juya fuska bango.

Zanen ya manne da naman, sai da na jiƙa shi kafin ya rabu. A ƙasan bayanki akwai rami, faɗinsa ya kai tafin hannuna, gefensa baƙi, tsakiyarsa har ƙashi ana gani. Anti Rifkatu ta saki ihu ta toshe bakinta. Ni ban yi kuka ba a lokacin. Na tsaya ina kallon gadon, yadda kusurwoyinsa suka ninku tsaf, ba tamoji ko ɗaya, ina tunanin hannun da ya ja zanen nan kowace safiya bai taɓa leƙa ƙarƙashinsa ba.

Daga baya na gane dalilin bushewar leɓɓanki. Namiji ne yake kai wa mata fo na fitsari a ɗakin, sa'an ɗanki. Kunyarsa ta sa kika rage shan ruwa don kada ki kira shi. In abin ya fi ƙarfinki kuma sai ki yi shiru a kan jar robar nan, ki jira ya bushe. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa kwanon ruwanki yake komawa a cike.

Na nufi teburin Sista. Ban gaishe ta ba, abin da ta fara kamawa ke nan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗaliba, ba a koya miki yadda ake magana da na gaba ba? Mamanki bai taɓa yin komplen ba ko sau ɗaya." Na ce ta zo ta gani. Da ta gani fuskarta ta sauya, wannan na shaida. Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, me ya sa Mama ba ta faɗa ba. Laifin ya dawo kanki ke nan, ke da kike ɗaure da igiya a gado.

Daga ranar kowa ya tashi tsaye. Aka kira likita, aka yanke mataccen naman, aka fara allurai, aka bar ni da Anti muka zauna kusa da ke, dokar gado ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Sai dai dafin ya riga ya shiga jini. A cikin kwanakin nan ne aka ɗauki hoton ƙafar, likita ya ɗaga shi a taga, ya ce ƙashin ya haɗe sarai. Aka kwance igiyar. Ƙafar da kika zo dominta ta warke, Mama, ko taku ɗaya ba ki yi da ita ba.

Safiyarki ta ƙarshe Sista ta zo zagaye, ta tsaya a ƙafar gado. Ban ce mugunta ba ce, sabo ne kawai. Ta ce, "Mama, ya jiki?" Kin daina gane mutane tun ranar da ta gabata, ko sunana ba ki amsawa. Amma na ga leɓɓanki sun motsa, na kai kunne. Da sauƙi kika ce. Kafin rana ta yi sanyi kika cika.

Yanzu bari in juyo kanki, don ke ma ina fushi da ke, kuma na daɗe ina ɓoyewa. Me ya sa ba ki faɗa ba? Kina jin namanki yana ruɓewa, kina jin warin da kanki, me ya hana ki buɗe baki? Na san amsar, ni ma ke kika rene ni. Ke ce kika haifi Ishaya a hanyar gona ba wanda ya ji muryarki, mata suka yi ta yabonki shekara da shekaru. Ke ce in na yanke da lauje kike cewa in haɗiye kukan, mutane suna kallo. A coci kuma an koya miki cewa mai bi ba ya gunaguni. Sannan ga ni, ba ki so a ce uwar nas ce take damun ma'aikata. Kin yi shiru don ki kare mutuncina, ni kuwa uwa nake so, ba mutunci ba.

Wurin zaman makoki Sista Keziya ta zo, da zanen coci. Ta riƙe hannuna a gaban mata ta ce ba ta taɓa ganin mara lafiya mai haƙuri irinki ba. Mata suka gyaɗa kai, wasu suka ce haka Asabe take. Na janye hannuna. A ranar na yi wa kaina alkawari cewa ba za a sake yabon wata da haƙuri a ɗakin da nake aiki ba, alhali bayanta yana ruɓewa.

Da na gama makaranta aka tura ni wani asibiti a yankinmu, ɗakin mata. Can na fara abin da yanzu ake kira binciken aikin jinya, ni a lokacin ban san yana da suna ba. In an gama zagayen safe sai in sake bin gadajen ni kaɗai. In jawo kujera in zauna, ko da yake nas ba ta zama a bakin aiki. In gaida mace, in bar ta ta ce da sauƙi, don gaisuwa haƙƙinta ce. Sannan in ce, to mun gama gaisuwa, yanzu ɗora hannunki inda yake miki ciwo. In ba ta jin Hausa sosai in nemo mai yarenta. Daga nan in ɗaga ta in duba bayan da idona.

Abin da na gani ya isa ya hana mutum cin abinci. Duk ɗakin da sauƙi suke cewa, amma hannu ba ya ƙarya, kowace sai ta nuna wuri. Wata cikinta, wata ƙirjinta, wata ɗinkin da ya fara ruwa. Waɗanda suka fi shiru, waɗanda ma'aikata suka fi so, su ne bayansu ya fi lalacewa. Sai na fara shigo da 'yan jinya daga gindin bishiya safe da rana, ina nuna musu yadda za su ɗaga mutum su wanke su tsane. Gadaje suka yamutse, ɗakin ya yi hayaniya, wani lokaci har warin daddawa. Gyambon kwanciya kuwa ya ja baya, har likitanmu ya lura ya tambayi abin da muke yi.

Na rubuta abin da na gani, na kai taron ma'aikatan jinya a Kaduna, wajen ƙarshen shekarun nan na saba'in. Na guga rigata har tana tsayawa da kanta. Da na ɗaga kai zan fara magana, wa zan gani a babban tebur? Sista Keziya, ta zama metiron. Na faɗi abu biyu kawai. Kada a ɗauki amsar gaisuwa a matsayin labarin jiki, kuma a bar 'yan jinya su taimaka a ƙarƙashin idon nas.

Wani babba ya ce bincike aikin likita ne, nas aikinta bin umarni. Wata ta ce so nake in mai da asibiti kasuwar Kafanchan, aka yi dariya. Duk wannan na iya haɗiyewa. Sai Metiron Keziya ta gyara tabarau, ta yi magana a hankali, da murya irin ta uwa. Ta ce ta san yarinyar nan, mamanta ya rasu a hannunsu, baƙin ciki ne yake damunta, a yi mata addu'a Ubangiji ya ba ta zuciyar gafara. Shi ke nan, Mama. Matan da na ɗaga, bayan da na duba, aikin da na yi da hannuna, duk ta mai da su ciwon zuciyar marainiya. Har addu'ar aka yi mini kafin a tashi, ina tsaye kamar mai laifi.

Ba a daɗe ba takardar canjin wurin aiki ta zo. Aka tura ni wani ƙaramin ɗakin shan magani a ƙauye, can wajen Kujama a hanyar Kachia, inda ba gadon kwanciya ko ɗaya. Wanda ya zaɓi wurin ya san abin da yake yi. Na yi shekaru ina raba ƙwayoyin zazzaɓi ina wanke gyambon ƙafa, sa'o'ina suna hawa muƙami. Ban zama metiron ba, ban kuma yi nadama ba. Duk ɗalibar da ta biyo ta hannuna ta fita da abu ɗaya a kunne, in kin gama gaisuwa ki ɗaga zanen.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai ke. Bara na ji cewa shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Keziya a gidanta, nan Kafanchan. 'Ya'yanta suna birni, 'yar aiki ce take kula da ita. Matan zumunta suka shirya zuwa gaishe ta, na ce ba ni zuwa, ƙafata tana ciwo. Ranar tafiyar kuma na ga kaina na ɗaura ɗankwali na bi su. Ɗakin tsaf, gadon a gyare yadda take so, ita kuma a tsakiya, 'yar ƙarama, hannu a kan zane. Mata suka jeru a ƙafar gado suka ce ya jiki. Da karkataccen bakinta ta ce da sauƙi. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka fara fita.

Na kai bakin ƙofa, Mama. Ba wanda zai ce na yi laifi in na wuce, ai ta ce da sauƙi, ba ta yi ƙorafi ba. Na daɗe tsaye a wurin, kuma ba zan ɓoye miki ba, abin da zuciyata take raya mini ba na mai bi ba ne. Sai na ajiye jakata, na koma, na ce wa 'yar aikin ta kawo ruwan ɗumi. Na ɗaga zanen. Fatar ta yi ja, ta fara ɓulewa, daidai wurin da naki yake.

Na wanke, na tsane, na tokare ta da matashi, na koya wa 'yar aikin yadda za ta riƙa juya ta. Na yi ta komawa har wurin ya rufe. Keziya ta gane ni tun ranar farko, idonta yana bina duk inda na yi. Na jira ta kira sunanki, ko sau ɗaya. Ba ta kira ba. Abin da kawai ta taɓa ce mini shi ne hannuna yana da sanyi. Ta rasu bayanta lafiya lau, ni na yi mata wankan ƙarshe, na gani da idona. Kada ki ce na gafarta mata, ban kai can ba tukuna. Na dai ƙi yarda a sake yi wa wata mace abin da aka yi miki, ko da ita ce.

Mamana, tsohuwa ce take rubuta miki yanzu, na girme ki nesa ba kusa ba. Gwiwoyina sun fara ba ni labari. Jikanyata, wadda muka sa wa sunanki, tana karatun nas, kuma ni ma na dami mutanen kasuwa da labarinta, kin ga abin gado ne. Na gaya mata in ranar kwanciyata ta zo kada ta saurari bakina, domin na san abin da zai faɗa. Har yanzu in na ji ƙamshin ɗanyar citta sai in waiwaya in ga ko ke ce. Ina kewarki, fushin ma kewa ce ta kawo shi.

Ubangiji ya ba ki hutu a inda ba igiya, ba jar roba, ba kunyar neman ruwa. Ya buɗe idon masu farar riga, ya ba su hannun da ba ya ƙyamar ɗaga zane. Ya ba matanmu bakin faɗin inda yake musu ciwo. Ya kuma sassauta wannan zuciyar tawa kafin ya kira ni, don na gaji da ɗaukarta. Amin.

Ki gaida Anti Rifkatu. In na iso zan durƙusa in gaishe ki yadda kika koya mini, in ce Mama, ya jiki. Ki ba ni amsarki ta kullum. Ranar kam zan yarda da ke.

Taki har abada,
Ladi, nas ɗinki